Goyon Ciki da Katin Awo: Abin da Wata na Bakwai Yake Bukata



Idan ciki ya kai mako 28, nauyin yaron ya kai wajen kilo ɗaya. Ya fara buɗe ido, yana jin muryar uwarsa, yana shaƙuwa har ta ji cikinta na zillo a jere. Zuwa mako 32 zai doshi kilo biyu. Huhunsa ne bai gama ƙwari ba, don yanzu yake tara wani ruwa mai santsi da ke hana jakunkunan iska mannewa. Shi ya sa bakwaini ke fama da numfashi, kuma shi ya sa likita ke yi wa matar da naƙuda ta taso mata kafin mako 34 allurar dexamethasone, domin huhun ya yi saurin ƙosawa. Zancen cewa ɗan wata bakwai ya fi ɗan wata takwas rayuwa ba shi da tushe ko kaɗan.

A shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙara yawan zuwa awo daga sau huɗu zuwa takwas, kuma biyar daga ciki sun faɗo ne daga mako 30 zuwa haihuwa.

A ɗakin awo, ungozoma kan shimfiɗa tef daga ƙashin mara zuwa saman mahaifa. A wannan tsakanin yawan santimita kan zo kusa da yawan makonni, idan ya gaza sosai sai ta tura matar a yi mata hoto. Ta janye fatar idon matar ta ga ko jini ya yi ƙasa, ta ba ta ƙwayar ƙarin jini da Fansidar na rigakafin zazzaɓin cizon sauro, ta tambaye ta motsin yaro. Sannan ta ɗaura mata abin awon hawan jini. Idan ya kai 140 bisa 90, ga furotin a fitsari, to jijjiga na iya biyo baya, cutar da kan fara da ciwon kai mai tsanani, kumburin fuska da gani dishi-dishi. Kaico, a gidaje da yawa iskoki ake fara zargi, a tsaya turare har lokaci ya ƙure, alhali allurar magnesium sulphate na tsayar da ita.

To, a wata na bakwai ɗin nan ne mai cikin fari kan tafi goyon ciki gidan iyayenta. Al'ada ce mai kyau, yarinya na samun hutu da kulawar uwa. Matsalar ita ce sau da yawa katin awo kan zauna a gidan miji, asibitin garinsu kuma bai san da zuwanta ba, sai awo ya yanke a watannin da aka fi bukatarsa, ga shi mai cikin fari na cikin waɗanda jijjiga ta fi kamawa. Nauyin nan yana kan miji da uwar yarinya: a sa katin cikin kayanta, a kai ta asibiti mafi kusa a makon da ta isa, a kuma san mai motar da za a tasa idan jini ya ɓalle ko faya ta fashe da tsakar dare.