Ɗan Tela Baƙo Ya Zama Gwamna

'Yan'uwa talakawa, da ku 'yan kasuwa da kuka rufe rumfunanku kuka zo, muna godiya. Yau za mu ba ku labarin wani mutumin Amurka, Edmund Muskie, domin akwai abin lura a cikinsa.

Ubansa baƙo ne. Ya baro ƙasar Polan lokacin tana hannun Sarkin Rasha, ya iso Amurka cikin 1903, daga baya ya zauna a Rumford, wani ɗan ƙaramin gari a Jihar Maine, ya kafa keken ɗinki. Sunansa na asali Marciszewski, amma aka gajarta shi ya koma Muskie. A nan aka haifi Edmund cikin 1914, na biyu cikin 'ya'ya shida. Ba gidan sarauta, ba gidan dukiya, sai allura da zare.

Yaron ya yi karatu yana ƙodago, har ya zama lauya cikin 1939. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya shiga siyasa a ƙarƙashin Jam'iyyar Dimokurat. To, a Maine ta wancan zamani wannan ita ce jam'iyyar hamayya, wadda ba a ɗauke ta a bakin kome ba. Mulki na hannun Jam'iyyar Rifablikan tun kaka da kakanni. Duk da haka aka zaɓe shi wakili a Majalisar Jiha cikin 1946. Ya nemi shugabancin garin Waterville cikin 1947, ya faɗi. Cikin 1953 ya faɗo yana gyaran gidansa, ya karye a baya, ya sha jinya.

Da zaɓen 1954 ya matso, ya bi manyan jam'iyyarsu yana neman wanda zai tsaya takarar Gwamna, kowa ya noƙe, don shekara 20 ke nan rabonsu da cin wannan kujera. Sai ya tsaya da kansa. Ya bi gari gari yana sauraron masunta da manoma da ma'aikatan masaƙu. Ranar ƙuri'a ɗan tela ya ka da Gwamna mai ci, Burton Cross.

Daga nan aka zaɓe shi Majalisar Dattawan Amurka cikin 1958. Cikin 1968 ya nemi Mataimakin Shugaban Ƙasa, bai samu ba. Cikin 1980 Shugaba Carter ya naɗa shi Ministan Harkokin Waje. Ya rasu cikin 1996.

Amma ga abin da ya fi burge mu. Kogin garinsu, watau Androscoggin, masana'antun takarda sun daɗe suna zuba masa ƙazanta, sai wari da kumfa, kifi na mutuwa. Da ya sami iko bai manta ba. Shi ya ja gaba aka yi dokar tsabtace iska cikin 1970, da ta tsabtace ruwa cikin 1972.

Saboda haka, 'yan'uwa, in an ce da ku wane ba ɗan kowa ba ne, ko ubansa baƙo ne, kada ku tsaya nan. Ku tambaya: ya iya jure faɗuwa? In ya hau, zai tuna da kogin garinsu? Da wannan mudu ya kamata mu auna duk mai neman ƙuri'armu.