Kin Biya Kuɗi, Kaya Ba Su Iso Ba

 Gaisuwa ta musamman ga masu sauraronmu na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, da ƙauyukan da ke kewaye da su. Allah ya ƙara mana zaman lafiya, amin.

Yau za mu tattauna ne a kan cinikin waya. Mace tana cikin ɗakinta, sai ta ga hoton atamfa ko leshi ko tukwane a WhatsApp ko Facebook, ta yi ciniki, ta tura kuɗi, a ce mata kaya na tafe. A wannan yanki namu abin ya karɓu ƙwarai, domin halin da hanyoyi suka shiga na rashin tsaro ya sa ba kowa ke son tafiya Kano ko Zariya sayayya ba. Sannan ƙarancin takardun kuɗi da aka yi a farkon 2023 ya koya wa mutane da yawa tura kuɗi ta waya. Akwai masu sayarwa na gaskiya da yawa, wasu ma 'yan'uwanmu ne mata da ke sana'a daga cikin gidajensu. To amma wani lokaci a biya kuɗi, mako ya wuce, biyu su wuce, ba kaya ba labarinsu. Wataƙila kuɗin adashe ne da aka yi wata goma ana zubi, ga bikin ɗiya ya matso.

Abin da nake so ki riƙe, 'yar'uwa, shi ne kuɗin da aka tura ta waya suna barin sawu. Abin da ke share sawun nan jinkiri ne da jin kunya. Mace ta yi shiru don tsoron faɗan maigida, ko don kada kishiya ta ji ta yi dariya, kafin ta buɗe baki an kwashe kuɗin daga asusun da suka shiga. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki faɗa wa maigida ko wanki ko babban ɗanki tun ranar da zuciyarki ta fara ɗarɗar. Faɗan yini ɗaya ya fi asarar dubu tamanin sauƙi.

Da farko ki san cewa haƙƙinki kike nema, ba roƙo kike yi ba. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da bayanin cinikin da ake biyan kuɗi kafin a karɓi kaya, suna kiransa salam. Sun sharɗanta a fayyace siffar kayan da yawansu da lokacin da za a kawo su. Haka kuma in an sayar miki da abu bisa siffantawa, ya iso ya saɓa da abin da aka faɗa, kina da zaɓin mayarwa. Dokar ƙasa ma tana tare da ke. A farkon 2019 aka sa hannu a kan dokar kare masu sayen kaya, wadda ta kafa hukumar FCCPC, kuma ta ba mai saye damar mayar da kayan da suka saɓa da yadda aka siffanta su, ya karɓi kuɗinsa.

Mataki na farko, ki adana shaida. Kada haushi ya sa ki goge hirar da kuka yi, ko ki toshe lambar mai kayan. Ki ɗauki hoton hirar tun daga farko, da hoton kayan, da inda ya faɗi farashi da ranar kawowa. Saƙon murya ma shaida ne, ki bar shi. Sannan ki sami takarda ki rubuta, ko ki sa yaro ɗan makaranta ya rubuta miki: sunan da ke kan asusun, lambar asusun, sunan bankin, yawan kuɗin, rana da lokaci, da wata doguwar lamba da ke jikin rasit, wadda da ita banki ke bin sawun kuɗi. Me ya sa na ce takarda? Waya tana lalacewa, tana ɓata. Kuma ba mu manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa.

Mataki na biyu, ki gane da wa kike mu'amala, domin maganin ya bambanta. Akwai mai sana'ar gaskiya da ta karɓi oda fiye da ƙarfinta, ko ta juya kuɗinki a wani cinikin. Ita tana ɗaukar waya, tana ba da haƙuri. Ki rubuta mata saƙo cikin mutunci, ba zagi: kuɗi kaza na tura ran kaza, in kaya ba su iso nan da kwana bakwai ba, ki maido mini da kuɗina. In ta amsa da cewa ta ji, kin sami ƙarin shaida. In kwanakin sun cika, sai a nemi wanda ya haɗa ku, ko shugabar zauren da kuka haɗu, ko maigidanta, ko mai unguwarsu. In shago ne a kasuwa kamar Kantin Kwari, shugabannin kasuwa suna sasanta irin wannan. Sulhu ya fi komai saurin maido da kuɗi.

Akwai kuma wanda zai ce ai ya ba direba. To, ya faɗi tashar da ya kai kayan, da lambar direban, da lambar motar. Saƙon da aka bayar a cikin tasha 'yan ƙungiyar direbobi suna iya bin diddiginsa. In ya kasa kawo ko ɗaya daga cikin waɗannan, to kayan ba su bar hannunsa ba, in ma akwai su.

Na ukun shi ne ɗan damfara. Alamarsa, da kuɗi sun shiga sai waya ta daina shiga, ko ya ce a ƙaro kuɗin mota, ko wai an tsare kaya a hanya sai an biya wani abu. Kada ki ƙara ko sisi. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe, nan take a sanar da banki.

A nan ku saurara da kyau. Banki yana sauraron mai asusun da kuɗi suka fita ne kawai. In da asusunki kika tura, ke za ki kira lambar da ke bayan katinki, ko ki shigar da koke ta cikin manhajar bankin, kina zaune a ɗakinki. In da asusun maigida aka tura, shi zai yi. In kuwa yaro kika aika wurin mai POS, to a wurin banki mai POS ɗin ne ya tura kuɗin, don haka sai an koma wurinsa da rasit, ya shigar da koken. Shi ya sa nake roƙonku, in kun aiki yaro ku ce ya dawo da 'yar takardar nan, kada a ƙulle ƙuli-ƙuli da ita.

A gaya wa banki damfara ce, a nemi su sanar da bankin da kuɗin suka shiga, kuma a karɓi lambar koke a rubuta. Sai dai banki ba ya iya jawo kuɗin da kika tura da hannunki haka kawai. Abin da ake fata shi ne a tsare asusun kafin a kwashe, kuma sau da yawa sai an kawo rahoton 'yan sanda ko umarnin kotu. Amma mai asusun ba aljani ba ne. Tun 2014 aka fara rajistar BVN, kuma a watan Disamba na 2023 Babban Bankin Nijeriya ya ba da umarnin a haɗa har ƙananan asusun waya da BVN ko lambar katin ɗan ƙasa. In an yi makonni biyu banki bai yi komai ba, ana iya kai ƙara sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin, tare da lambar koken nan.

Daga nan sai hukuma. Damfara laifi ce, ana kai ta wurin 'yan sanda ko hukumar EFCC. Amma in mai kayan sananniya ce, ta amsa cewa kuɗinki na hannunta, wannan bashi ne, wurinsa kotun shari'ar Musulunci ko ta majistare. Mace mai kulle tana iya naɗa wakili, miji ko ɗan'uwa, ya tsaya mata. In kamfani ne mai rajista, ana shigar da koke a shafin FCCPC na intanet. Kuma ki auna: in kuɗin dubu biyar ne, kada a kashe dubu ashirin wajen zirga-zirga. In ku da yawa ne mutum ɗaya ya cuta, ku haɗu ku kai ƙara tare, maganarku za ta fi nauyi.

Gargaɗi biyu kafin lokaci ya cim mana. Bayan an cuce ki, wani zai iya kiran ki ya ce daga banki yake, zai maido miki da kuɗi, ki karanto masa lambar sirri ko lambar da ta shigo wayarki. Ɓarawo ne, wataƙila ma na farkon ne ya dawo. Banki ba ya tambayar lambar sirri. Na biyu, kada zafin rai ya sa ki baza hoton mutum a zauruka kina kiransa ɓarawo kafin hukuma ta tabbatar. Sau da yawa hoton ma na wata baiwar Allah ne aka sata, ki wayi gari ke ake tuhuma da ɓata suna.

Nan gaba kuwa, a rage cinikin biri a sama. Ki ce a nuna miki kayan ta kiran bidiyo, ki tabbatar sunan asusun ya yi daidai da na mai sayarwa, ki fara gwadawa da abu kaɗan. In kina da ɗan'uwa a Funtua ko Kano, ya je ya gani da idonsa kafin a biya. In kuma kika ga leshin dubu sittin a dubu goma sha biyar, ki tuna araha ba ta ado.

Ku kuma maza masu sauraronmu a gefe, in iyalinku ta kawo muku irin wannan kuka, ku fara da taimako, faɗa ya biyo baya in ya zama dole. 'Yan'uwa masu sayarwa, kuɗin mutane amana ne, in kaya sun gagara a mayar wa mai su.

A nan za mu dakata. Allah ya tsare mana dukiyarmu da mutuncinmu, ya ba mu halal mai albarka. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, ku huta lafiya.