Tsara Dogon Lissafi a Kan Takarda: Jawabi a Taron Tsofaffin Ɗalibai



An nemi in ɗan yi magana a kan sana'ata, wato shirya littattafan lissafi domin ɗab'i. Na zaɓi abu guda: yadda ake raba dogon lissafi idan layi ɗaya ya kasa ɗaukarsa. Da yawa daga cikinmu malamai ne masu buga takardun jarrabawa, kuma kuskuren mai bugawa, yaro ne ke biyan kuɗinsa.

Lokacin da Al-Khwarizmi ya rubuta littafinsa na aljabara a Bagadaza, wajen shekarar 820, da kalmomi ya bayyana komai. Alamar daidai da muke amfani da ita sai a 1557 Robert Recorde ya ƙirƙiro ta. A 1977 kuma, Donald Knuth na Jami'ar Stanford a Amurka ya ga yadda aka tsara lissafin littafinsa, abin bai gamshe shi ba, sai ya fara rubuta manhajar TeX. Daga bisani Leslie Lamport ya gina LaTeX a kanta.

Ƙa'idojin da nake bi uku ne. Na farko, a yanke layi kafin alamar daidai, a kuma jera alamomin a tsaye, wannan ƙarƙashin wannan. Na biyu, idan ɓangare guda ya yi tsawo, a yanke kafin alamar tarawa ko ta ɗebewa, a tura ragowar zuwa dama kaɗan, don kada a ɗauka sabon mataki ne. Na uku, a guji yanke layi a tsakiyar baka. Ga misali:

(x + 3)² − (x − 1)²
= x² + 6x + 9 − (x² − 2x + 1)
= 8x + 8

Ku dubi layi na biyu. Idan aka yanke shi a cikin baka har bakar ta salwanta, mai karatu zai sami 4x + 10. Yaron da ya yi aikinsa daidai sai ya zargi kansa, alhali laifin na takarda ne.

A LaTeX, alamar & ce ke nuna inda za a jera layuka, \\ kuma ke buɗe sabon layi. Amma ko da alli a kan allo, ƙa'idar ba ta canzawa. Malamanmu da suka tilasta mana mataki ɗaya a layi ɗaya, ga shi maɗaba'o'in duniya sun gaskata ku.

Roƙona shi ne, duk wanda zai buga takardar jarrabawa, ya ba wani malamin lissafi ya warware tambayoyin daga kwafin da aka buga kafin a kai wa yara.