Makullin Shagonka a Hannun Wa Yake?

Jawabin da wani malamin kwamfuta ya gabatar a taron reshen ƙungiyar malamai a Yelwa



An nemi in yi bayani a kan yadda ake gina wa ƙaramar sana'a shafin intanet da manhajar WordPress. Zan yi hakan, sai dai mafi yawan maganata za ta karkata ga abin da ke biyo bayan ginin, wato mallakar shafin da kula da shi, domin a nan ne na ga mutanenmu suna asara.

Kowa a nan ya san albashin malami ba ya kai shi ƙarshen wata. Da wuya a sami gida a cikinmu da babu wata sana'a da ke tallafa masa: uwargida tana bandar kifi, ƙane yana ajiyar albasa, 'ya tana ɗinki, ko dattijo ya zuba kuɗin sallamarsa a injin casar shinkafa. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, kifin wannan tafki, daga tarwaɗa da giwan ruwa har zuwa warangi, yake bin hanya zuwa Legas da Ibadan da Anacha. Amma mai saye a can bai san sunan matar da ta sha hayaƙi a Wara ba, dillali kawai ya sani. Amfanin shafi shi ne ya sa mai saye ya san ta, ya kira ta kai tsaye.

Kafin mu yi nisa, akwai tunatarwa. Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci na kansa, in ban da noma. Don haka wannan bayani na masu noma ne a cikinmu, da waɗanda suka yi ritaya, da iyalanmu masu sana'a.

Wani zai ce ai WhatsApp da Facebook sun wadatar. Suna da amfani ƙwarai, kuma ba na cewa a bar su. Amma rumfar haya ce a kasuwar wani. Ranar 4 ga Oktoba 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke na kusan awa shida a duk duniya. Daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022 kuwa an dakatar da Twitter a Nijeriya. Wanda ya jingina cinikinsa a kansu kaɗai, zaman jira ya yi. Shafin da yake naka, babu mai rufe maka shi don ya canza ra'ayi, matuƙar makullin yana hannunka.

Wannan sharaɗi na makulli, da tsada na koye shi. Ƙanwata tana sayar da bandar kifi. Wani matashi ya gina mata shafi mai kyau, aka buga adireshin a kan kwalaye da katin kasuwanci, har ta fara samun masu saye daga Kudu. Ni da nake koyar da kwamfuta ban tambayi da sunan wa aka yi rajistar adireshin ba. Ashe da imel ɗinsa ya yi. Bayan shekara ya bar gari, ya canza layi, saƙon sabunta rajista ya je akwatin da ba kowa ke buɗewa ba. Wa'adi ya wuce, shafin ya ɓace, hotuna da bayanai suka tafi, kwalayen da aka buga suka zama masu nuna hanyar kango. Ban ce ya yi da mugun nufi ba. Sakacinmu ne.

Shafi yana tsaye ne a kan abubuwa uku. Na farko adireshi, wato sunan da ake rubutawa a same ka. Ba a sayensa har abada, hayarsa ake yi shekara-shekara. Adireshin da ya ƙare da .ng ko .com.ng yana ƙarƙashin kulawar ƙungiyar NiRA, kuma ana samunsa ta hannun kamfanonin da ta amince da su. Na biyu masauki, wato kwamfutar kamfanin da ke ajiye shafin dare da rana. Shi ma haya ne. Ku nemi wanda ake biya da naira, don kada tashin dala ya ninka muku kuɗin sabuntawa. Na uku manhajar WordPress, wadda Matt Mullenweg da Mike Little suka fitar a 2003. Kyauta ce, kuma fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya da ita aka gina su. Wannan yawa alheri ne, domin in mai gyaranka ya tafi, ba za ka rasa wani ba.

Akwai hanyoyi biyu na amfani da ita. WordPress.com kamfani ne da ke ba da masauki, yana da tsarin kyauta wanda adireshinka zai ɗauki sunansu, kuma za su sanya talla. Wannan ya dace da mai koyo. Hanya ta biyu ita ce a ɗora manhajar a masaukin da ka biya da kanka. Ita ce ta ɗan kasuwa, kuma ita ce ke ɗora maka nauyin kulawa.

Ko wa zai gina muku, ku zauna kusa da shi ranar rajista. Adireshi da masauki su kasance da sunan mai sana'ar, da imel ɗinsa, da lambar wayarsa. A buɗe wa maginin asusunsa daban, wanda za a iya rufewa in aiki ya ƙare. A rubuta kalmomin sirri da ranakun sabuntawa a littafi, a ajiye shi inda ake ajiye takardun gida, mutum biyu su san wurin.

Game da abin da za a sa a ciki, shafuka huɗu sun isa: su wane ne ku, me kuke sayarwa, yadda ake aika kaya, da yadda za a same ku. Ku sa hotunan kayanku na gaske, ku rage musu nauyi, domin yawancin masu dubawa da waya za su duba, kuma data kuɗi ce. Ku gwada shafin a ƙauyen da sabis ke da rauni. In ya buɗe a can, zai buɗe ko'ina. Ku rubuta da Hausa da Turanci, tunda masu sayenmu na Kudu ba duka ke jin Hausa ba. In an yi wa sana'ar rajista a hukumar CAC, a sa lambar, domin mai aiko da kuɗi daga Anacha yana neman abin da zai kwantar masa da hankali. Kada ku yi gaggawar ɗora tsarin biyan kuɗi ta kati. Manhajar WooCommerce da kamfanoni irin su Paystack suna nan in ciniki ya kai, amma da farko maɓallin kira da na WhatsApp sun wadatar.

Sai kulawa. Mu mutanen bakin ruwa ne, mun san jirgin da ba a kwashe masa ruwa, ba a toshe masa ɓaraka, nitsewa zai yi komai kyawun katakonsa. Ku ware rabin awa kowane mako. Da farko a ɗauki kwafin shafin, a ajiye shi a wani wuri daban da masaukin. Sannan a sabunta WordPress da ƙananan manhajojin da aka ɗora mata, domin mafi yawan kutse ta tsofaffin nan yake shigowa. Wadda ba a amfani da ita a goge ta. Ku guji manhajojin kuɗi da wani ya ce ya samo muku kyauta, sau da yawa an cusa musu ƙofar ɓarayi. Kada sunan shiga ya zama "admin", kada kalmar sirri ta zama ranar haihuwa. Ku tabbata adireshin ya fara da https. Takardar tsaron da ke ba da wannan ana samunta kyauta daga Let's Encrypt. A ƙarshe a gyara farashi. Kuɗin buhun albasa lokacin cirewa daban yake da na damina, kuma shafin da ke ɗauke da farashin bara yana zubar da mutuncin mai shi.

Akwai amanar masu saye kuma. Sunayensu da lambobinsu ba naku ba ne da za ku raba wa wasu, kuma dokar kare bayanai ta 2023 ta tanadi hukunci a kan haka.

Ba kowace sana'a ke bukatar shafi ba. Mai ƙosai da cinikinta bai wuce unguwa ba, kada ta kashe kuɗinta. Wanda kuma ba zai iya kulawa ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Saboda haka nake ba reshe shawara biyu. Ta farko, iyalai masu kaya iri ɗaya su haɗu a shafi guda, su raba kuɗin haya, a rubuta yarjejeniya a kan wanda zai riƙe makulli da wanda zai gaje shi. Ta biyu, mu malaman kwamfuta mu ware kwanaki a hutun ƙarshen zango mu koya wa matanmu da 'ya'yanmu wannan aiki. Ni na sa sunana na farko.

Mai shafi a cikinmu, in ya koma gida yau, ya bincika abu biyu: da sunan wa aka yi rajistar adireshinsa, kuma yaushe wa'adinsa zai cika. In bai sami amsa ba, ya nemi wanda ya gina masa tun lambarsa tana shiga.

Allah Ya sa albarka a sana'o'in iyalanmu, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.