Baba da Karofi: Makomar Rini a Ƙasar Zamfara



Kowace al'umma da hanyar da take bi wajen yi wa tufa ado. Mutanen Indiya sukan sassaƙa hatimin katako, su tsoma a rini, su danna bisa yadi. Asantawan Gana kuwa da guntun ƙwarya suke yin nasu hatimin. Bahaushe ɗauri yake yi, ya tsoma a karofi, sa'an nan ya kai mabuga.

Asirin sana'ar yana cikin ramin. Akan haɗa baba da toka da ruwa, a bar su kwanaki har su tsima. Zane yakan fito kore-kore, sai ya sha iska ya rikiɗe shuɗi. Katsin da ya kwanta ma ba a zubarwa, da shi ake daɓe sabon rami.

Me ya durƙusar da wannan sana'a? A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin masana'anta. Daga baya jirgin ƙasa ya iso Gusau, yana kwasar audugar wannan yanki, yana sauke yadin kanti mai araha.

Ilimin marina ba a rubuce yake ba. Da warin ruwa da launin kumfa suke gane ramin da ya nuna. Saboda haka, ya ku ɗalibai, ku nemi dattawan marina a Gusau da Tsafe da Bunguɗu, ku rubuta abin da suka sani tun suna raye. Ku kuma ma'aikata, ku sama wa kayansu kasuwa.