Da Ruwan Ciki Ake Jan Na Rijiya: Tamowa Da Ciyar Da Ƙananan Yara A Garinmu

Jawabin da kwamitin lafiya na ƙungiya ya gabatar a babban taron shekara-shekara



Shekara da shekaru wannan ƙungiya tana gina ajujuwa, tana haƙa rijiyoyi, tana biya wa ɗalibai kuɗin jarrabawa. Allah Ya saka wa kowa da alheri. Yau kuma muna roƙon ku ba mu aron kunnuwanku a kan yaron da bai kai shiga ajin da muka gina ba, wanda ake yanke masa rabonsa tun yana goye. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya, yaron da bai ƙoshi ba kuwa babu ginin da zai sa masa karatu a ka.

Masana lafiya suna kiran lokacin da ke tsakanin ɗaukar ciki da cikar yaro shekara biyu da suna kwana dubun farko. A cikinsa ƙwaƙwalwa da ƙashi suke yin mafi saurin ginuwa, kuma abin da yaro ya rasa a nan da wuya a cike masa shi daga baya. Yaron da ya daɗe ba ya samun abinci mai gina jiki yakan tsumbure, wato tsawonsa ya gaza na shekarunsa. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure. A Arewa maso Yamma adadin ya kai kashi 57, a Jigawa 64, a Kebbi 66, alhali a Kudu maso Gabas kashi 18 ne. Binciken da ya biyo baya a 2023 zuwa 2024 ya nuna adadin ƙasa ya hau zuwa kashi 40. A watan Yulin 2025 kuma ƙungiyar likitoci ta MSF ta bayyana cewa yara 652 sun rasu sakamakon tamowa a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin wata shida kacal. Abin takaici, daga wannan yanki namu ake loda gero da wake da waken suya da dabbobi zuwa sauran sassan ƙasa.

Babu mai musun cewa talauci da tsadar abinci da rashin tsaro da ya raba manoma da gonakinsu suna da babban kaso a wannan masifa. Sai dai gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Akwai halaye huɗu da muka gada a gidajenmu waɗanda ko rumbu cike yake sukan jefa yaro cikin tamowa.

Na farko shi ne zubar da daƙashi. A gidaje da yawa idan mace ta haihu, musamman haihuwar fari, sai a ce nonon farko mai kauri da launin rawaya ba shi da kyau, a tatse a zubar, a riƙa ɗura wa jinjiri ruwa ko madarar dabba har kwana biyu ko uku. Wannan daƙashin shi ne rigakafin farko da Allah Ya tanadar wa jinjiri, domin yana ɗauke da sinadaran da ke kare shi daga cututtuka. Abin da ya dace shi ne a sa shi a nono cikin sa'ar farko bayan haihuwa.

Na biyu shi ne ba jinjiri ruwa kafin wata shida. Iyayenmu mata sukan ce zafin ƙasarmu ya yi yawa, barin jinjiri babu ruwa rashin tausayi ne. Mun san tausayi ne ya sa su faɗi haka. Amma mafi yawan nonon uwa ruwa ne, fiye da kashi 80 cikin ɗari, kuma ya ishi jinjiri ko a tsakiyar bazara. Cikinsa ɗan ƙarami ne, ruwan da aka ba shi yakan tare gurbin nono, idan kuma ba mai tsabta ba ne ya jawo gudawa. Tun shekarar 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar nono zalla har wata shida, amma a 2018 jarirai 29 ne kawai cikin ɗari suke samun haka a Nijeriya. Uwa ita ya kamata a cika wa moɗa, a kuma ƙara mata abinci.

Na uku shi ne tsararon kunu. Da yaro ya cika wata shida nono kaɗai ba ya isar sa, sai a haɗa da abinci. To, me muke ba shi? Koko ko kunun gero tsararo, wanda zai cika masa ciki ya bar jikinsa da yunwa. Nama da ƙwai kuwa na maigida ne, har ma akan ce yaron da ya saba da ƙwai zai yi sata. Kunun yaro ya kamata ya yi kaurin da zai zauna a cokali, a sa masa garin waken suya ko gyaɗa, da ɗan manja, da garin zogale ko busasshen kifi. Daga wata shida zuwa takwas a ba shi sau biyu ko uku a yini, daga wata tara sau uku ko huɗu, a kwanonsa shi kaɗai, domin a kwanon taron yara ƙarami ne yake tashi da yunwa.

Na huɗu shi ne yayen dare ɗaya. Da an ga uwa ta sami ciki sai a ce yaro zai sha ciki, a raba shi da nono rana ɗaya, a kai shi gidan kaka. Yaro ya rasa nono da uwa lokaci guda, ya ƙi abinci, ya fara ramewa ko kumburi. Wata likita haifaffiyar Jamaika, Cicely Williams, ta ga irin wannan a ƙasar da yau ake kira Gana, kuma a 1935 ta yaɗa sunan kwashoko, wanda ta aro daga harshen Ga, ma'anarsa ciwon yaron da aka yi wa ƙane. Alƙur'ani mai girma a Suratul Baƙara ya ambaci shekara biyu cikakku na shayarwa, likitoci ma a nan suka tsaya. Idan yaye ya zo, a yi shi sannu a hankali.

Kada mu mazauna birni mu ɗauka wannan magana ta mutanen ƙauye ce. A gidajenmu ma akwai yaran da aka raina da biskit da lemon kwalba da taliyar leda, kuma irin tsarabar da muke cika mota da ita ke nan idan za mu zo gida da salla.

Saboda haka kwamiti yana gabatar wa wannan taro shawarwari uku. Da farko, a ware wani kaso na kuɗin ƙungiya a sayi hatsi da kaka, lokacin da yake da araha, a haɗa garin kunun yara: mudu shida na gero ko dawa, mudu uku na waken suya, mudu ɗaya na gyaɗa, a soya a niƙa, a raba wa masu goyo da damina, sa'ad da rumbuna suka yi ƙasa. Na biyu, a nemi ma'aikatan asibitin garinmu su koya wa mata biyu a kowace unguwa amfani da ɗan tef ɗin awon damtse. Yaro ɗan wata shida zuwa shekara biyar da damtsensa ya gaza santimita 11.5, ko ƙafafunsa biyu suka kumbura, asibiti za a kai shi a ranar. A can akan ba da abincin tamowa na gyaɗa da madara da ke cikin leda. Magani ne na yaro mara lafiya, sayar da shi a kasuwa ko raba shi ga 'yan gida cin amana ne. Na uku, kowane ɗayanmu ya zauna da mahaifiyarsa da gwaggonninsa cikin ladabi ya yi musu wannan bayani, domin a gidajenmu kaka ce take yanke hukunci a kan jego da yaye, kuma maganar ɗanta da ke aiko da kuɗin cefane tana da nauyi a wurinta. Muna kuma roƙon limamanmu su sa batun cikin huɗuba, maza su ji cewa ciyar da mai ciki da mai shayarwa haƙƙi ne a wuyansu.

Muna fata idan Allah Ya kai mu taron baɗi, rahoton ma'aji zai zo da adadin yaran da aka auna da buhunan garin da aka raba, kusa da adadin buhunan siminti.

Allah Ya raya mana zuriya, Ya ba ƙasarmu lafiya da damina mai albarka, Ya mai da kowa gidansa lafiya.