Tawakkali Da Neman Abinci A Lokacin Da Aiki Ya Yi Wuya

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Wanda Ya raba arziki a tsakanin bayinSa, Ya kuma ɗora musu nemansa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.  

Bayan haka, an umarce ni da in yi magana a kan wani al'amari wanda kusan babu gidan da bai leƙa ba, wato rashin aikin yi da wahalar nemansa. Duk muƙaddamin da ke zaune a nan shaida ne. Da zarar an shafa addu'a an fara watsewa, sai ka ga saurayi ya matso ya durƙusa, ya rage murya, ya ce a sa shi a addu'a, shekara kaza ke nan da ya gama bautar ƙasa, har yau shiru. Addu'a kuwa wajibi ce a kanmu, amma yaron nan yana da hakkin a gaya masa gaskiya game da halin da ake ciki, da abin da ya rage a hannunsa.

Ya ku 'yan'uwa, dattawan da ke cikinmu sun ga zamanin da ake zuwa har makaranta a ɗauki ɗalibi aiki tun bai karɓi takardarsa ba. Sun ga masaƙar Kaduna ta KTL, wadda aka buɗe a 1957 a zamanin Sardauna, sun ga yadda unguwar Kakuri take cika da ma'aikata idan an tashi daga aiki. Sun ga Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano suna hayaƙi dare da rana. Daga 1986, lokacin da aka shigo da shirin gyaran tattalin arziki na SAP aka karya darajar Naira, kayan gyaran injuna suka yi tsada, wutar lantarki ta ƙi zama, sannan atamfa da shadda na waje suka cika kasuwa da araha. KTL ta rufe a 2002, babbar masaƙar UNTL ta tsayar da aiki a 2007, masana'antu da dama a Kano suka koma rumbunan ajiye kaya. A tsawon waɗannan shekaru kuma jami'o'i da kwalejoji sai ƙaruwa suke yi, kowace shekara suna yaye dubban matasa zuwa kasuwar da ƙofofinta ke rufewa. Saboda haka idan yaronka ya nema bai samu ba, kada ka yi saurin cewa lalaci ne. Guraben da kuka tarar a zamaninku, da yawansu babu su yanzu.

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa a ƙarshen 2020 kashi 33.3 cikin 100 na masu iya aiki a Nijeriya ba su da aikin yi. A 2023 sai ta sauya ma'auni, ta ce duk wanda ya yi aikin neman kuɗi na sa'a ɗaya a cikin mako, to mai aiki ne. Da wannan sabon ma'auni adadin ya faɗo zuwa kashi 4.1 a farkon 2023. Kada wannan ya ruɗe mu, domin awon ne ya sauya, tukunyar gidaje tana nan yadda take. Sai dai a cikin rahoton akwai wani adadi da nake so matasa su riƙe: fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a ƙasar nan ba a ofis ko kamfani mai rajista suke ci ba. A gona suke, da kasuwa, da shago, da bakin titi. Ma'ana, wanda ya ce shi sai aikin albashi, ya shiga layin da mutum ɗaya cikin goma ma da ƙyar yake kaiwa gaba.

Mun ga inda wannan layi ya kai mutane. A ranar 15 ga Maris, 2014, Hukumar Shige da Fice ta kira masu neman aiki jarrabawa a filayen wasa na jihohi. Dubban ɗaruruwa suka fito, kowa ya biya Naira 1,000 kuɗin fom, alhali guraben ba su kai 5,000 ba. Aka yi turmutsitsi a Abuja da Fatakwal da Minna da Benin, mutane fiye da goma sha biyar suka rasa rayukansu. Allah Ya jiƙan Musulmin cikinsu, Ya ba iyalan kowa haƙuri. A 2023 kuma Majalisar Wakilai ta kafa kwamitin binciken sayar da guraben aiki a hukumomin tarayya, aka ji shaidu suna faɗin yadda aka karɓi Naira miliyan ɗaya ko fiye a hannun mai nema guda.

A nan nake so in ja kunnen muridi. Wanda ya sayar da gonar gado ko ya ciwo bashi ya sayi aiki, ya fara cin abincinsa da rashawa, kuma ranar da ya zauna a kujerar, abin da zai fara tunani shi ne yadda zai mayar da kuɗinsa. Daga nan hannu ya saba. Wannan ma idan aikin na gaske ne, domin da yawa takardar bogi ake miƙa musu, sai sun je kama aiki a ce ba a san da zamansu ba. Hukumomin soja da 'yan sanda da kwastan sukan sanar da cewa cike fom ɗinsu kyauta ne, don haka duk saƙon da ya zo maka ta WhatsApp ko Facebook yana neman ka tura kuɗi a ajiye maka gurbi, ka san da ɓarawo kake magana. Haka nan rage shekaru. An mayar da shi kamar ba komai ba, mutum ya je kotu ya yi rantsuwa a kan ranar haihuwar da ya san ƙarya ce, don ya shiga ƙa'idar shekarun da aka gindaya. Harshen da ke ambaton Allah safe da yamma bai dace da wannan rantsuwa ba, ko da kowa yana yi.

To, idan an rufe waɗannan ƙofofi, sai a zauna a jira? Nan ne wasu ke shigo da kalmar tawakkali inda ba wurinta ba. Malaman tasawwufi sun bambanta tsakanin wanda Allah Ya tsayar a matsayin tajridi, wato yankewa daga neman duniya, da wanda Ya tsayar a cikin sabubba. Shehu Ibn Aɗa'illahi a farkon littafinsa na Hikam ya nuna cewa son barin sabubba ga wanda aka ajiye a cikinsu yana iya zama son zuciya ne da ya ɓuya. Saurayi mai ƙarfi, wanda mahaifiyarsa ke sayar da ƙosai tana ciyar da shi, ba ya cikin ma'abota tajridi. Zaman kashe wando yake yi, ko da tasbaha na hannunsa. Tawakkali aikin zuciya ne, gaɓoɓi kuwa aikinsu motsi, kuma Bahaushe ya ce zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Ku dubi laƙabin magabatan wannan hanya, za ku tarar da sunayen sana'o'i ne. Imamu Junaidu na Bagadaza, wanda ake kira shugaban jama'ar sufaye, ana ce masa Alkhazzaz domin fataucin alharini yake yi, mahaifinsa kuma mai sayar da kayan gilashi ne. Kawunsa kuma malaminsa, Sariyyus Saƙaɗi, ɗan kasuwa ne mai shago. Abu Hafsin Alhaddad maƙeri ne a Naisabur. Ibrahim bin Adhama ya bar gidan sarauta a Balkh, ya koma ƙasar Sham yana girbi da gadin gonaki a biya shi lada. Kafin su duka, Annabi Dawuda, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da sarauta da annabci, daga aikin hannunsa yake ci. Sayyidina Abdurrahman bin Aufu, Allah Ya ƙara masa yarda, ya isa Madina ba shi da komai, ɗan'uwansa Sa'adu bin Rabi'u ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, shi kuwa ya yi godiya ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa. A ƙasarmu ma sananne ne cewa Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana tufka igiya, ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma, a cikin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sanya kula da masu sana'a da raya kasuwanni a cikin ayyukan shugaba. To, wane ne mu da za mu ce kwalin digiri ya fi ƙarfin guduma da almakashi?

Ba ina cewa a yar da takarda ba ne. Wanda ya yi karatu ya ci gaba da nema, ya gyara takardunsa, ya koyi kwamfuta sosai, ya riƙa bibiyar sanarwa daga inda ta dace, ya je ganawa a kan lokaci cikin tsafta. Amma cike fom ba ya cin yini guda, sauran kwanakin mako fa? Masu manyan gine-gine a Abuja da sauran birane har yau suna ɗauko masu sa tayil da adon silin daga Togo da Benin, saboda ƙarancin ƙwararru a gida. Tsadar mai tun bayan cire tallafi a watan Mayu na 2023 ta sa gidaje da shaguna da manoman rani suna komawa sola, ana neman wanda ya iya haɗa ta da gyara ta. Ga gyaran waya a Farm Centre, ga hatsi a Dawanau, ga noman rani a Kura da Bunkure da Garun Malam da ruwan madatsar Tiga. Wanda ya shiga ɗaya daga cikin waɗannan da iliminsa, ya iya lissafi da rubuta ciniki da magana da baƙo, zai riga wanda bai yi karatu ba nisa. Idan aikin ofis ya zo daga baya ya tarar da shi a tsaye, sai ya zaɓa. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Akwai kuma ciwon da ba a gani. Rashin aiki yana cin zuciya kafin ya ci aljihu. Mutum ya fara jin kunyar fita, ya daina zuwa ɗaurin aure don kada a tambaye shi ina ake yanzu, ya koma barcin rana da hirar dare, har ranaku su daina bambanta a wurinsa. Ta wannan ƙofa ƙwaya take shiga, ta nan kuma tunanin bin sahara zuwa Libiya yake shiga. Muridi yana da garkuwar da wasu ba su da ita: yana da lokutan da aka ɗaure shi da su, asuba a jam'i, wuridin safe da na yamma, da 'yan'uwan da za su lura idan ba su gan shi ba. Ka riƙe waɗannan da kyau, ka fita daga gida kowace safiya kamar mai zuwa aiki, ko da wurin koyo za ka ba a biyan ka. Ku kuma iyaye, a rage gori. Yaron da ya dawo daga neman da bai dace ba, ya riga ya sha abin da ya ishe shi a waje.

Yanzu sai in juyo gare ku, alhazanmu masu shaguna da masana'antu da gonaki. Matasanmu da yawa abin da ya hana su shi ne ba su da uwa a gindin murhu. Alhali a sahu ɗaya na zikiri akwai tela da makaniki da magini da ɗan Kantin Kwari da ma'aikacin banki, kafaɗa da kafaɗa da yaron da ya shekara uku yana nema, kuma babu wanda ya san halin wani. Ina roƙon kowace zawiya ta buɗe littafi, a rubuta masu sana'ar da za su iya karɓar yaro ko yarinya, a rubuta masu nema da abin da kowa ya karanta, muƙaddami ya tsaya a tsakani ya zama lamuni. Haka fataken goro suka yi a hanyar Gwanja, amana da sanayya suka zame musu jari.

Sai dai in an karɓi yaro, a yi masa adalci. Muna da wata al'ada da ya kamata mu duba, ta yaron shago wanda zai shekara goma ko sha biyar yana buɗewa yana rufewa, ya yi aure ya haihu, ba a taɓa zama an ce ga ranar sallamarsa ba. Maƙwabtanmu Ibo a kasuwar Sabon Gari sukan yanka wa'adi tun farko, idan ya cika ubangida ya ba yaro jari ya tsaya da ƙafarsa. Mu da aka umarta da rubuta yarjejeniya da cika alkawari mun fi cancanta da wannan. A faɗi shekarun koyo, a faɗi abin sallama, a sa shaidu.

Haka zakka. Raba ta ƙanana-ƙanana ga layin mutane a ƙofar gida yana kashe yunwar kwana biyu, shekara ta zagayo su dawo. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun halatta a ba mabuƙaci guda abin da zai ishe shi shekara, ko da ya haura nisabi. Keken ɗinki, ko injin ban ruwa, ko kayan aikin walda, idan aka ba wanda ya riga ya koya kuɗin sayensu, to an fitar da gida guda daga layin. A tuna da 'yan mata da zawarawa a wannan rabo, domin su ba sa iya matsowa gaban muƙaddami bayan zikiri su faɗi damuwarsu, sai an aika iyayenmu mata sun bincika.

Ina fata kafin taron baɗi kowace zawiya za ta iya zuwa da littafinta, ta faɗi yara nawa aka sanya a hannun masu sana'a, nawa aka sallama. Allah Ya buɗa wa masu nema ta hanyar halal, Ya sanya albarka a hannun masu bayarwa, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.